Tambayoyi da amsoshi: idan kayan gyaran hoto na WordPress suka daina aiki

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shafin WordPress suka fi maimaitawa idan yanke hoto, juya shi ko rage girmansa ya gagara. An fara da masu sauƙi, an gangara zuwa waɗanda sai an taɓa fayilolin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka a intanet. Sunayen maɓallai da saƙonnin kuskure an bar su da Turanci, domin haka za ka gan su a allonka.

Wai a ina ake yin gyaran hoton, a kwamfutata ko a wani wuri?

A sabar da shafinka ke zaune ake yin sa. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya riƙe kafin ya fara neman gyara. Idan ka ja layin yankewa a kan hoto, burauzarka lissafi kawai take yi: daga ina zuwa ina, faɗi nawa, tsawo nawa. Sai ta aika lissafin zuwa WordPress, shi kuma ya miƙa wa wani injin sarrafa hoto da ke kan sabar, injin ya buɗe fayil ɗin, ya yanke, ya rubuta sabon fayil a folda, sannan a dawo maka da sakamako.

Ke nan hannu uku ne a cikin aikin: burauza, kod ɗin WordPress tare da fulogin (ƙananan manhajojin da ke ƙara masa ayyuka) da jigon (abin da ke tsara kamannin shafi) da ka ɗora masa, sai sabar. Kowannensu idan ya samu tangarɗa, abin da za ka gani ɗaya ne, wato hoto ya ƙi gyaruwa. Shi ya sa maganin da ya yi wa wani aiki kai ka gwada bai yi maka ba. Duk amsoshin da ke ƙasa ƙoƙari ne na gano wanne daga cikin ukun ya gaza, domin da zarar an gano shi, gyaran kansa ba ya cika ɗaukar lokaci.

Me zan fara yi kafin in taɓa wani fayil?

Ka ɗauki cikakken kwafin ajiya na shafin, fayiloli da rumbun bayanai duka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da shafi ya faɗi ba ita ce ranar fara tunanin kwafi ba.

Bayan haka akwai gwaji huɗu da ba za su ci minti goma ba. Ka fita daga asusunka ka sake shiga, domin lambar tsaron da WordPress ke liƙa wa kowane aiki tana mutuwa tsakanin awa 12 zuwa 24, kuma shafin da aka bari a buɗe tun jiya zai iya ƙin adanawa saboda haka kaɗai. Ka gwada wata burauzar, ko tagar sirri wadda ba ta ɗauke da ƙarin manhajojin toshe talla. Ka ɗora sabon hoto ƙarami na JPEG, kamar mai faɗin fiksel 800, ka ga ko shi zai gyaru. Na huɗu, ka zauna ka tuna abin da ya canza kafin matsalar ta fara: sabuntawa, sabon fulogin, sauya sigar PHP (harshen kod da WordPress ke aiki da shi), ko ƙaura zuwa wani kamfanin hostin, wato masu ba da hayar sabar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi kai mutum ga amsa.

Ba na ganin maɓallin Edit Image kwata-kwata. Ina ya shiga?

WordPress yana ɓoye shi idan ya ga sabar ba za ta iya sarrafa irin wannan fayil ba. SVG ba ya gyaruwa da waɗannan kayan, domin zane ne na lissafi, babu fiksel ɗin da za a yanke. WebP ya samu karɓuwa a siga ta 5.8 a 2021, AVIF kuma a 6.5 a 2024, amma dukansu sai injin da ke sabar ya san su. Idan ko a kan JPEG ma babu maɓallin, to da alama babu injin gaba ɗaya. Duba amsar da ke kan GD da Imagick.

Akwai kuma batun matsayi. Mai matsayin Author hotunan da ya ɗora da kansa kaɗai yake iya gyarawa, Contributor kuwa ko ɗora hoto ba ya iyawa. Editor da Administrator su ke da ikon taɓa na kowa.

Maɓallin yankewa ya dushe, ko na yanke amma ba abin da ya canza. Lalacewa ya yi?

Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. A tsofaffin sigogi sai ka fara jan akwati a kan hoton da linzami kafin maɓallin ya farka. A sababbi kuwa sai ka danna Crop, ka daidaita akwatin, ka danna Apply Crop, sannan ka adana. Wanda ya tsallake matakin tsakiya zai ga kamar an yi watsi da aikinsa. Haka kuma wurin Scale rage girma kawai yake yi, ba ya ƙara wa hoto girma fiye da yadda aka ɗora shi.

Mene ne GD da Imagick, kuma yaya zan san wanne shafina ke amfani da shi?

Su ne injinan nan biyu da ke yin ainihin aikin. GD yana tafiya tare da PHP, ba shi da nauyi, kuma kusan kowace sabar tana da shi. Imagick hanya ce da PHP ke bi ya yi amfani da manhajar ImageMagick, wadda ta fi sanin nau'o'in fayil da yawa kuma ta fi kula da launi. Kayan gyaran hoto sun shigo WordPress a siga ta 2.9 a ƙarshen 2009, kuma tun daga 3.5 a 2012 tsarin shi ne a fara neman Imagick, idan babu shi a koma GD.

Don ka ga naka, shiga Tools, sai Site Health, sai Info, ka buɗe sashen Media Handling. Layin Active editor zai nuna WP_Image_Editor_Imagick ko WP_Image_Editor_GD. A nan ne kuma za ka ga sigar kowane inji, nau'o'in fayil da yake karɓa, da iyakokin da aka gindaya wa Imagick. Wannan shafin ya zo ne da siga ta 5.2 a 2019, kuma a ganina shi ne wurin da ya kamata a fara leƙawa kafin a saurari shawarar kowa. Idan ya nuna babu ko ɗaya daga cikin injinan, ko kana ganin saƙon “Image rotation is not supported by your web host”, babu fulogin ɗin da zai cike gurbin. Sai an kunna injin a sabar, ko dai ta wurin zaɓen kayan PHP a allon kula da hostin ɗinka, ko ta hannun ma'aikatansu.

Wurin gyaran yana buɗewa amma babu hoto, sai fili ko saƙon “Could not load the preview image”. Me ke jawo haka?

Wannan ita ce ta fi wahalar da mutane, domin sanadinta kan zama abin da ido ba ya gani. Hoton da ake nuna maka a wurin gyara ba daga folda ake ɗauko shi kai tsaye ba. WordPress ne ke ƙera shi nan take ya turo ta fayil ɗin admin-ajax.php. Fayil ɗin hoto kuwa dole ya fara da wasu alamomi na musamman da burauza ke gane shi da su. Idan wani abu ya riga su fitowa, ko da layi ɗaya ne wanda babu komai a kansa, burauza za ta ce wannan ba hoto ba ne.

Daga ina wannan layin ke fitowa? Daga fayil ɗin PHP da aka bar fili kafin alamar buɗewa ta <?php a samansa, ko aka bar layuka bayan alamar rufewa ta ?> a ƙasansa. Waɗanda aka fi samu da laifin su ne functions.php na jigo, wp-config.php, da duk fayil ɗin da wani ya buɗe ya liƙa kod a ciki kwanan nan. Gyaran shi ne a tabbatar <?php ne abu na farko a layi na farko, a kuma goge ?> na ƙarshen fayil gaba ɗaya, domin PHP ba ya buƙatarsa. Akwai ɗan'uwan wannan matsalar mai suna BOM: wasu alamomi uku marasa ganuwa da wasu manhajojin rubutu ke sakawa a farkon fayil. Maganinsa a sake adana fayil ɗin a tsarin UTF-8 marar BOM. Wata alama da ke tabbatar da zargin ita ce idan taswirar shafin ta XML ko RSS ɗinsa su ma suna ƙorafin cewa akwai abu kafin layinsu na farko.

Saƙonnin gargaɗi na PHP su ma suna yin wannan ɓarnar idan an bar su suna fitowa a allo, domin rubutunsu yana cuɗanya da hoton. Duba amsar kundin kurakurai don yadda ake karkatar da su zuwa fayil. Idan duk wannan bai nuna komai ba, to ko dai memori ne ya ƙare, ko katangar tsaro ta tare buƙatar, kuma kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Ƙananan hotuna suna gyaruwa, manya kuwa sun ƙi. Alhali fayil ɗin bai wuce megabait 5 ba.

Nauyin fayil ɗin ba shi ne abin dubawa ba. JPEG a matse yake, kuma kafin a gyara shi sai an warware shi gaba ɗaya a cikin memori, inda kowane fiksel ke cin kimanin bait 4 a GD. Hoto mai faɗin 6000 da tsawon 4000 fiksel miliyan 24 ne, wato wajen megabait 96. Juya shi kuwa yana buƙatar kwafi na biyu a gefe, ka ga an doshi 200, ba a ma lissafa abin da WordPress da fulogin suke ci ba.

A lokacin aikin hoto WordPress yana ƙoƙarin ɗaga iyakar memori zuwa abin da ke cikin WP_MAX_MEMORY_LIMIT, wanda asalinsa 256M ne. Mutane da yawa suna ƙara WP_MEMORY_LIMIT ne, su yi mamakin rashin canji, alhali WP_MAX_MEMORY_LIMIT ne ya shafi wannan aikin. Kana iya ɗaga shi a wp-config.php, amma idan kamfanin hostin ya kulle iyakar daga sama, duk lambar da ka rubuta ba za ta yi tasiri ba. Sashen Server a Site Health zai nuna maka ainihin abin da aka ba ka.

Ni dai shawarata ita ce a rage hoton tun a kwamfuta kafin a ɗora. Tun siga ta 5.3 a 2019, WordPress da kansa yana rage hoton da ya wuce fiksel 2560, ya liƙa wa sunansa -scaled, amma wannan ragewar ma sai ya buɗe babban hoton tukuna, kuma a nan ne sabar mai ƙaramin ƙarfi ke durƙushewa. Hotunan da aka ɗora kafin wannan sigar kuwa suna nan da girmansu na asali.

Na ƙara memori, har yanzu yana tsayawa ko ya yi ta juyi ba ya gamawa. Sai me?

Ka koma ka duba Active editor. Idan Imagick ne, iyakar PHP ba ita ke riƙe da shi ba. Yana da nasa dokokin a fayil ɗin policy.xml na sabar, masu ƙayyade memori, faɗi da tsawon hoto, da lokacin aiki, kuma a hostin na haɗaka kai ba ka da ikon taɓa su. Wani lokaci kuma yana ƙoƙarin raba aiki gida-gida a sabar da ba ta yarda da haka ba, sai ya maƙale har lokaci ya ƙare.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a tilasta wa WordPress amfani da GD na ɗan lokaci. Ana yin haka ta matatar wp_image_editors, wadda ke jera injinan bisa fifiko, a sa GD a gaba; akwai ƙananan fulogin da aikinsu ke nan kawai. Idan komai ya daidaita, ka gano mai laifi. Sai dai ka san abin da ka bari: GD yana zubar da bayanan kyamara da na launi da ke cikin hoto, kuma ba ya iya fitar da hoton shafin farko na PDF. Ga mai sayar da kaya ko mai ɗaukar hoto wanda launi ke da muhimmanci a wurinsa, gara a sa masu sabar su gyara Imagick da a zauna a kan GD.

Gyaran yana nunawa daidai, amma da na danna adanawa sai kuskure. Me ya hana?

An iya karantawa, an kasa rubutawa. Sabon fayil yana sauka ne a wp-content/uploads, cikin foldar shekara da watan da aka ɗora hoton na asali, don haka mai yiwuwa foldar wannan watan lafiya take amma ta shekarun baya a kulle. Izinin da aka saba shi ne 755 ga folda, 644 ga fayil. Idan lambobin daidai suke amma abin ya ƙi, to mallakar foldar ce ke hannun wani asusun daban da wanda PHP ke aiki da shi, abin da kan faru bayan ƙaura, kuma masu sabar ne ke gyara shi.

Za ka ci karo da masu cewa ka mayar da izinin 777. Kada ka yi. Buɗe ƙofa ce ga duk wani abu da ke kan sabar ya rubuta abin da ya ga dama a foldarka, garin neman gira a rasa ido. Ka kuma duba ko wurin ajiyarka ya cika, ko ka kai iyakar yawan fayilolin da aka yarda maka, domin hoto ɗaya yakan haifi kwafi shida ko fiye.

Ina danna maɓallan amma ko motsi ba sa yi. Yaya zan ga abin da ke faruwa a ɓoye?

Danna F12 a kibod, ka buɗe Console, sannan ka sake gwada gyaran. Jan rubutu zai fito idan JavaScript ya karye, kuma yawanci yana ɗauke da adireshin fayil ɗin da ya jawo, wanda a cikinsa za ka ga sunan fulogin ko jigon. Kuskure ɗaya daga wani fulogin da ba ruwansa da hoto ya isa ya tsayar da duk abin da ke bayansa. Wannan ya yi yawa bayan siga ta 5.5 a 2020, lokacin da aka cire jQuery Migrate wanda tsofaffin fulogin ke jingine da shi, kuma har yau shafin da ke ɗauke da kayan da aka daina sabuntawa yana iya faɗawa ciki. Fulogin masu haɗe fayilolin JavaScript don ƙara sauri su ma ababen zargi ne idan an bar su suna aiki har cikin dashbod.

Idan Console shiru, koma Network ka duba layin admin-ajax.php. Lamba 403 na nufin an hana: katangar tsaro irin ModSecurity, fulogin tsaro, ko lambar tsaron da ta mutu, musamman idan amsar da ta dawo -1 ce. Lamba 500 na nufin PHP ya faɗi, sai ka nufi kundin kurakurai. Lamba 504 lokaci ne ya ƙare, ka koma amsoshin memori da Imagick. Idan kuma burauza na ƙorafin cakuɗa http da https, duba Settings, General, ka tabbatar adireshin nan biyu sun dace da wanda kake shiga da shi, har da batun www.

Yaya zan gano fulogin ko jigon da ke da laifi ba tare da na birkita wa masu ziyara shafin ba?

Fulogin Health Check & Troubleshooting yana da yanayin gwaji da ke kashe dukkan fulogin ya koma jigon asali a wurinka kai kaɗai, masu ziyara kuwa suna ganin shafin yadda yake. Idan gyaran hoto ya dawo a wannan yanayin, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa bayan kowanne. Idan suna da yawa, kunna rabi lokaci guda, ka ga wane rabin ne ke ɗauke da matsalar, ka sake raba shi biyu. Fulogin 30 ba za su wuce zagaye biyar ba.

Ka fara da masu matse hoto, masu sa tambari a kan hoto, masu tsaro, da masu kwashe hotuna zuwa wata ma'ajiya ta waje. Na ƙarshen nan suna da wata dabara ta goge kwafin da ke sabar bayan sun kwashe, sai WordPress ya zo gyara ya tarar babu fayil. Abin da nake roƙo a nan shi ne canji ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko ya dace ba zai san wanne ya yi aiki ba, idan kuma ya ƙara lalacewa ya zama gyaran gangar Auzinawa.

A Media Library yana aiki, amma a cikin editan rubutu yankewa ya ƙi. Ba abu ɗaya ba ne?

Hanyoyinsu daban. Yankewa da juyawa a cikin bulok ɗin hoto sun zo da siga ta 5.5, kuma suna bi ta REST API ne, wato adireshin da ke farawa da wp-json, ba ta admin-ajax.php ba. Idan wani fulogin tsaro ya rufe REST API, ko dokokin adireshi sun rikice, gyaran cikin bulok zai mutu, na Media Library ya ci gaba da aiki. Site Health yana gwada REST API ya faɗi idan akwai cikas. Shiga Settings, Permalinks, ka danna adanawa ba tare da canza komai ba. Wannan yana sake rubuta dokokin, kuma sau da yawa ya wadatar.

Ka kuma lura cewa gyaran cikin bulok sabon hoto yake ƙirƙira a Media Library mai -edited a sunansa, ya bar na asali yadda yake. Ganin hotuna biyu ba alamar lalacewa ba ce.

An ce an adana, amma tsohon hoton nake gani a shafi. Ina gyaran ya tafi?

Yana nan. Idan ka gyara ta Media Library, WordPress ba ya rubutawa a kan tsohon fayil. Sabo yake yi, ya ƙara -e da jerin lambobi a sunan. Rubutun da ka riga ka saka hoton a ciki yana riƙe da tsohon adireshi, don haka sai ka buɗe shi ka sake zaɓo hoton. Hoton kan gaba na rubutu, wato Featured image, shi yakan sauya da kansa domin da lambar hoton ake kiransa.

Idan ka yi haka bai canza ba, taskar wucin gadi ce ke nuna maka tsohon kwafi. Danna Ctrl da F5 tare, sannan ka share ta fulogin sauri, da ta CDN (sabobin waje masu riƙe kwafin fayilolin shafi don sauri) idan kana da shi. Idan kuwa babban hoton ya canza amma ƙananan kwafinsa ba su bi ba, a sake ƙera su da fulogin Regenerate Thumbnails, ko da umarnin wp media regenerate ga mai amfani da WP-CLI, wato hanyar sarrafa WordPress da rubutaccen umarni.

Matsalar ta fara ne bayan an sauya sigar PHP, ko bayan na ƙaura da shafin. Me ya haɗa su?

Kowace sigar PHP da nata jerin kayan da aka kunna. Kana iya barin tsohuwa mai GD da Imagick ka koma sabuwa wadda ba a kunna mata ko ɗaya ba. PHP 8.0 da ya fito a Nuwamba 2020 ya kuma canza yadda GD ke miƙa hoto ga kod. WordPress ya daidaita da haka tun 5.6, amma tsohon fulogin da bai bi ba zai ɗauka buɗe hoton ya gaza alhali ya buɗu.

Bayan ƙaura kuwa abu uku ake dubawa: mallakar folda, kamar yadda aka yi bayani a amsar adanawa, ko fayilolin asali sun iso duka, domin wani lokaci ƙananan kwafi suna nan suna nunawa amma babban ya ɓace a hanya, sai zaɓin upload_path a rumbun bayanai, wanda a tsofaffin shafuka kan riƙe hanyar foldar tsohuwar sabar.

Yaya ake kunna kundin kurakurai, kuma me zan nema a ciki?

A wp-config.php, sama da layin da ke cewa a daina gyara daga nan, ka sa WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG a kan true, WP_DEBUG_DISPLAY kuma a kan false. Na ukun nan kada ka manta da shi, domin idan kurakurai suna fitowa a allo za su lalata hoton dubawa, ka ƙara wa kanka matsala ta biyu. Sake gwada gyaran, sannan ka buɗe wp-content/debug.log ka karanta layukan ƙarshe.

“Allowed memory size exhausted” memori ne. “Maximum execution time exceeded” lokaci ne. “Call to undefined function” tare da suna mai farawa da image na nufin GD babu shi ko bai cika ba. “Permission denied” izini ne. “Headers already sent” kuwa kyauta ce, domin yana faɗin sunan fayil da lambar layin da abin ya fara fitowa, wato ainihin wurin da filin nan marar ganuwa yake. Da ka gama ka kashe kundin ka goge fayil ɗin, saboda a sabar da yawa duk wanda ya san adireshinsa zai iya karanta shi.

Gyaran ya yi, amma hoton ya kwanta, launinsa ya canza, ko GIF ya daina motsi. Wannan fa?

Waya takan adana hoto a kwance ta rubuta a cikin bayanan EXIF cewa a miƙar da shi wajen nunawa. Tun 5.3 WordPress yana karanta wannan ya juya hoton lokacin ɗorawa, amma sai an kunna exif a PHP. Launin da ya koɗe yawanci daga hoton CMYK ne da aka shirya don ɗab'i, ko daga GD da ya zubar da bayanan launi. A mayar da hoton sRGB kafin ɗorawa. GIF mai motsi idan aka yanke shi ko aka rage, hoton farko kaɗai ke saura, don haka a saka shi da cikakken girmansa. Hotunan HEIC na iPhone kuwa, siga ta 6.7 a 2024 tana mayar da su JPEG, idan Imagick ɗin sabar ya san HEIC.

Na ɓata hoto da gyara. Zan iya dawo da na asali?

Ƙwarai. Buɗe Edit Image, za ka ga Restore original image, wanda ke bayyana a kan hoton da aka taɓa gyarawa kawai. Ka tuna kowane adanawa na JPEG yana sake matse shi, a matakin inganci 82 bisa tsarin asali, saboda haka idan gyara ya kauce gara ka dawo da na asali ka fara sabo da ka yi ta ɗora gyara kan gyara. Fayilolin tsofaffin gyare-gyare ba sa gogewa da kansu. Mai yawan gyara zai iya sa IMAGE_EDIT_OVERWRITE a kan true a wp-config.php don kada su taru. A yi hattara da fulogin masu share hotunan da ba a amfani da su, domin suna iya ɗaukar fayil ɗin asali a matsayin shara, daga nan kuma babu abin da za a dawo da shi sai kwafin ajiya.

Na gwada duk wannan. Me zan rubuta wa kamfanin hostin don kada su ce in share taskar burauza kawai?

Ka ba su abin da za su iya bincika. Faɗi ranar da abin ya fara da abin da ya canza a ranar. Kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, da lambar da ka gani a Network, da daidai lokacin da ka yi gwajin, domin da shi za su nemo layin a kundin sabar. A Site Health akwai maɓallin Copy site info to clipboard da ke kwafe bayanan shafin gaba ɗaya. Liƙa shi a saƙon. Ka ambata cewa ka gwada da fulogin a kashe da jigon asali, ka kuma faɗi girman hoton da ya yi aiki da wanda ya ƙi.

Sannan ka yi tambaya takamaimai gwargwadon abin da ka gano: ko GD da Imagick suna kunne a sigar PHP ɗin da shafin ke kai, ko wata dokar ModSecurity ta tare admin-ajax.php ko wp-json a lokacin da ka ambata, nawa ne iyakokin policy.xml, kuma wane asusu ne ke mallakar wp-content/uploads. Idan za su shiga dashbod, buɗe musu asusu na wucin gadi maimakon ba su kalmar sirrinka, ka goge shi bayan sun gama.